Ƙamusun Tafinta

A soron gidanmu na Yakasai
akwai wani ƙamus mai jan bango, gara ta ci gefensa,
Baba ya ɗaure shi da robar tayar keke.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a tsaye a kotu
tsakanin alƙali mai farar hular gashi
da manomin da aka ci wa iyaka,
yana ɗaukar magana daga wannan baki
ya sauke ta a wancan kunne
kamar ɗan dako a Kantin Kwari,
bai taɓa yar da ko ƙyalle ba.

Da yamma in ya tuɓe takalmi sai ya kira ni:
"Tabawa, zo ki ga inda kalma ta kwana
kafin ta iso Kano.

Wannan suna da ake kira na da shi, tafinta,
ba Bahaushe ne ya raɗa shi ba.
Daga bakin Bature ya faɗo, muka tsinta, muka karkaɗe,
muka rage masa tsawo har ya shiga rigarmu.
Shi ma Baturen aro ya yi wurin Rumawa,
a can kuwa sunan dillali ne,
mai tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa.
Kin ga ubanki dillali ne,
la'ada ce kawai ba a ba shi."

Ya lashi yatsa, ya juya shafi.
Lacca, in ji shi, karatu ce tsurarta,
ka buɗe littafi ka karanta wa mutane.
Rahoto kuwa dako ne:
ka je, ka ɗauko, ka komo da shi gida.
Kalmarsu ta muhawara tushenta bugu,
shi ya sa lauyoyi ke fitowa sharkaf da gumi
kamar 'yan dambe.
Wadda suke kiran doguwar tattaunawa da ita
asalinta gudu ne, a kai a kawo,
sai ka ce 'yan adaidaita a shataletalen Bata.

"Amma dubi nan," ya ce, yana dariya,
"duk nisan teku, a wuri ɗaya mun haɗu da su:
yare sunansa harshe,
tsokar nan da ke kwance a bayan haƙora."

Bara, ana kiran la'asar,
tsokar ta kwanta ba ta tashi ba.
Ɓarin dama ya shanye.
Muka dawo daga asibitin Nassarawa da ledar magani
da mutumin da ya san harsuna uku
ba ya iya neman ruwa da ko ɗaya.

Wata rana ya nuna ƙamus da haɓa.
Na kwance robar.
Da hannun hagu ya yi ta lalube, shafi na manne wa shafi,
har ya dangwala farce a kan kalmarsu ta jariri.
Na bi ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashinta:
asalinta, wanda ba ya magana.
Rabin bakinsa ya yi murmushi.
Ɗaya rabin ya bar mini.

Yanzu ni ke tsayawa a tsakani.
Girar hagu in ta ɗaga, a buɗe taga.
Ƙifta biyu, a rage rediyo.
Jiya Inna ta kawo kunu,
ya kurɓa, ya yamutsa hanci: tsamiya ta yi yawa.
Inna ta ce, "Me ya ce?"
Na ce, "Ya ce kunun ya yi daɗi."

Ya zuba mini ido.
Irin kallon da ake yi wa mai shaidar zur.
Shekara talatin da ɗaya
bai taɓa sa wa maganar wani sukari ba.

Na sunkuyar da kai.
Na ce, "Inna, a gyara rubutu.
Ya ce tsamiya ta yi yawa."